Ƙafar kyamara ta tafiya: wacce kuke ɗauka, kuma yaya kuka ji da ita?

Ɗan Fadaman Mada:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙafar kyamarar da nake da ita, wato mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, irin ta situdiyo ce, ta haura kilo 3, in na naɗe ta ma ba ta shiga jaka. Ina son zuwa Yankari da bazarar nan, bayan damina kuma in leƙa Tula. Kyamarata ƙarama ce, amma ina ɗora mata dogon gilashi mai jawo nesa, milimita 70 zuwa 300. Ina neman ƙaramar ƙafa da zan rataya in hau babur ko in hau dutse da ita. Abin da aka rubuta a kwali na karanta shi. Abin da nake so shi ne wanda ya yi aiki da ita a ƙurarmu da ranarmu ya faɗa mini yadda ya gani.

Baba Mai Hoto, Wunti:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun zamanin fim nake wannan sana'a, ƙafafu kuwa sun bi ta hannuna da yawa. Abu na farko, kada lambar nan ta kwali ta ɗauke maka hankali. Za ka ga an rubuta tana ɗaukar kilo 8 ko 10. Ma'anarsa ba za ta durƙushe ba, shi ke nan. Rashin durƙushewa daban, rashin rawa daban, mu kuwa rawar ce ke ɓata mana hoto. Babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka haɗu a kai, kowa da yadda yake auna tasa.

In ka je saya, tafi da kyamararka da dogon gilashin. Ka buɗe ƙafar gaba ɗaya, ka ɗora, ka ja gilashin zuwa 300, ka ƙara girman hoton a allo, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Dubi allon. In hoton ya yi rawa ya tsaya nan take, ta yi. In ya ci gaba da karkarwa kana kallo, mayar wa mai kaya abinsa, komai kyanta. Sannan ka dubi gaɓar ƙarshe, wadda ke taka ƙasa. Ƙananan ƙafafun nan gaɓa 4 ko 5 suke da su don su naɗu su gajarce, kuma kowace gaɓa ta fi ta samanta siranta. Wata in ka zaro ta ƙarshen ba ta fi fensir kauri ba. Irin wannan in ba dole ba kada ka zaro ta. Fara da masu kaurin na sama.

Sandar tsakiya kuma, wadda ake ɗagawa don ƙarin tsawo, ita ce ta ƙarshe da za ka taɓa. Duwatsun murhu uku ne suke riƙe tukunya. Da zarar ka ɗaga sandar nan, kyamararka ta koma kan ƙafa ɗaya. Don haka in kana tambayar tsawo, tambayi tsawonta ba tare da an ɗaga sandar ba.

Injiniya Ɗan Yelwa:
Baba ya gama magana. Ƙarina kawai kan ɗan farantin da ake ɗaura wa gindin kyamara. Notin ɗaya ne a kusan kowace kyamara, mai rubu'in inci, amma farantan sun bambanta. Nemi wadda farantinta irin Arca-Swiss ne, don ya fi yaɗuwa, in ya ɓata za ka sami madadinsa. Na ga mutane da ƙafa lafiyayyiya a jingine a ɗaki saboda faranti ya faɗi a gidan biki kuma babu irinsa a kasuwa. Ka riƙa tafiya da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen ɗaure noti, a jaka, notunan ƙafa suna kwancewa a hanyar da ba kwalta.

Malam na Alkaleri:
Tunda Yankari ka ambata, bari in faɗa maka yadda abin yake, don ina yawan raka baƙi masu kyamara. Lokacin da ka zaɓa ya yi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, dabbobi suna gangarowa kogin Gaji neman ruwa, nan ake samun damar ganin giwa. Amma ka sani, zagayen dajin a cikin mota ake yi, kuma a mota ƙafa uku ba ta da amfani. Ba wurin buɗe ta tsakanin kujeru, in ma ka buɗe, girgizar inji ta bi ta ƙafar ta shiga kyamara. Abin da na ga ya fi aiki shi ne ɗan buhu. Ka ɗinka ƙaramar jaka ka cika ta da wake ko shinkafa, ka aza a ƙarfen gefen mota, ka kwantar da gilashin a kai, ka roƙi direba ya kashe inji. Baƙin da suka zo da kaya masu tsada ma haka suke yi.

Inda ƙafar za ta yi maka rana shi ne Wikki. Ruwan nan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, kusan digiri 31 dare da rana, ga shi garau, ga inuwar itatuwa ta rufe shi. Da asuba haske kaɗan ne a wurin, hannu ba zai riƙe ba. Ka kafa ƙafarka ka bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa ɗaya ko biyu, ruwan ya fito sumul. Sai dai yashi ne a bakin ruwan, ka danna ƙafafun su nutse su zauna kafin ka ɗauka.

Kuma don Allah kada ka bar kyamara a kan ƙafa ka juya baya. Birran sansanin sun saba da mutane, ba sa tsoro. Jakar da ka rataya suke hari, suna zaton abinci ne, in suka fizge ta kuwa har kyamarar za ta bi.

Maman Ilham, Tudun Wadan Gombe:
Ni bidiyon biki nake yi, kamu da walima, wuraren da mata suka fi sakewa da mace. Ƙaramar ƙafa ta sauƙaƙa mini sosai, ina saka ta a jaka in shiga Keke Napep ba tare da neman yaro ya riƙe mini ba. Amma Malam, ka lura da kan ƙafar, inda kyamara ke zama. Yawancinsu kai mai ƙwallo suke zuwa da shi, ka kwance ka juya ta duk inda kake so ka ɗaure. Ga mai hoto ya yi daidai. Ga mai bidiyo kuwa, in kina bin amarya daga ƙofa zuwa kujera sai hoton ya riƙa fizga. Sai da na sayi ƙaramin kan bidiyo mai hannu na sauya. Don haka ka tabbata kan yana cirewa, akwai masu arha da aka haɗe kan da jiki, ba a rabawa. Na kuma sayi ɗan maƙalin waya, ranar da batir ya ƙare sai in ɗora waya in ci gaba.

Ɗan Kaltungo:
Ka zo Tula, za ka ji daɗi. Bayan damina ka ce, to ka yi ƙoƙari ya zama Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba. Da hazo ya zo taurari sun ɓace, duwatsun nesa ma sai inuwarsu.

Matsalar kan dutse iska ce. Tawa ta kabon ce, wani abu mai ƙarfi da ya fi alminiyam rashin nauyi, ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma wannan rashin nauyin da ke faranta maka rai a hawa shi ne ke cutar ka a sama. Abin da nake yi: ba na zaro gaɓar ƙarshe, ina baje ƙafafun su yi faɗi, sannan in rataya jaka a ƙugiyar da ke ƙasan sandar tsakiya. Amma jakar ta taɓa ƙasa, in tana lilo a iska ta ƙara rawar ne. Igiyar wuyan kyamara ma ina naɗe ta, don tana kaɗawa. Ba na danna maɓalli da hannu, taima nake sawa ta daƙiƙa 2, da dogon gilashi kuwa 10. Don taurari, ka raba 500 da lambar gilashinka, abin da ya fita shi ne daƙiƙun da za ka bar ido a buɗe kafin su fara jan layi. Gilashi mai 20 ke nan daƙiƙa 25, a babbar kyamara. Taka in ƙarama ce ka rage.

Bambancin kabon da alminiyam da na ji a hannuna: alminiyam in ya sha ranar Afrilu ba ya taɓuwa, kabon kuwa da sauƙi, kuma rawarsa ta fi saurin mutuwa. Amma kuɗinsa ya yi nisa, kuma in ya bugu da dutse tsagewa yake, alminiyam lanƙwasa kawai zai yi ka ci gaba da lallaɓawa.

Injiniya Ɗan Yelwa:
Ga masu son lamba. Ta kamfanin Peak Design da ta fito a 2019 tana naɗuwa zuwa kusan santimita 39, ta miƙe zuwa 152 da sandar tsakiya. Ta alminiyam kilo 1.56 ce, ta kabon wajen 1.3. Befree ta Manfrotto ma tana naɗuwa zuwa santimita 40. Ka ga ke nan duk abin da kabon ya rage maka a can bai kai rabin kilo ba. Benro da Sirui da K&F Concept suna da masu wannan girma a farashi mai sauƙi. A yi hattara da jabu, ana buga sunan babban kamfani a jikin roba.

Baba Mai Hoto, Wunti:
Ba wanda ya taɓo ƙura, ita ce kuwa ke kashe ƙafa a garin nan. Ni a gaɓoɓin ƙafa makullin ɗagawa nake so, mai ɗan marfi, don da ido kake ganin ya kulle ko bai kulle ba.

Ɗan Kaltungo:
Baba, da girmamawa, a nan na ɗan saɓa. Makullin murɗawa ya fi mini. Gaskiya ne yashi na shiga zarensa har ka ji yana ƙara, amma da hannu kake warware shi, ka zare gaɓar, ka wanke da ruwa da tsohon buroshi, ta bushe, ka shafa girisi kaɗan a zaren kawai. Ka kula da 'yan robobin nan farare na ciki kada su ɓata, ka kuma warware ƙafa ɗaya ɗaya don ka ga yadda ake mayarwa. Mai ɗagawa in ya saki sai da alanki, in marfin ya karye kuwa ba gyara. Na shiga da tawa bakin ruwa a Dadin Kowa, laka ta cika ta, wanki ɗaya ta dawo daidai.

Baba Mai Hoto, Wunti:
Na yarda da batun wankin. Amma kada a zuba man inji ko man keken ɗinki a jikin gaɓoɓin, ƙura yake kamawa, kuma ƙafar ta riƙa zamewa da kanta.

Hajiya Uwani:
Tunatarwa ga mai niyyar hawan Sallah a ƙofar fada: a bar ƙafa uku a gida. Cunkoso ga dawakai, wani zai yi tuntuɓe da ita ko ta hana ka matsawa in doki ya taho. Sanda mai ƙafa ɗaya ta isa. Wasu ƙananan ma ana kwance musu ƙafa ɗaya ta zama sandar, a duba wannan wajen saye.

Ɗan Fadaman Mada:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Buhun wake kam gobe zan kai wa tela. Tambaya ɗaya ta rage. Ni dogo ne, waɗanda na gani kuma ba tare da sandar tsakiya ba a ƙirji suke tsaya mini. In haƙura da sunkuyo, ko in nemi doguwa in ɗauki nauyin?

Baba Mai Hoto, Wunti:
Ka tuna kan ƙafar da jikin kyamara za su ƙara maka kusan taƙi guda a kan tsawon ƙafar. Ka duba allon bayan kyamararka, in yana ɗagowa sama to ba sunkuyo, daga tsaye za ka kalla. In ba ya ɗagowa, yawancin na yanzu ana haɗa su da waya ka ga hoton a hannunka, ka ma danna daga can ba ka taɓa kyamarar ba. Ka ɗauki gajerar mai kaurin gaɓa. Ranar da za ka saya ka biyo ta shago da gilashin naka mu gwada tare.