Fatar kujerun motata na tsattsagewa, a taimaka min da shawara

Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sanin harkar mota ku agaza min. Ina da wata babbar jif mai kujerun fata, okaziyo ce ta Kwatano, sanda ta iso Damagaram fatar nan luwai-luwai, in ka zauna ba ka son tashi. To yanzu kujerar direba ta bushe ta fara tsagewa, musamman gefen da ake gogawa wajen shiga da fita, kuma irin mai ƙananan hudoji ce da iska ke fitowa, ƙurar hunturu duk ta toshe su. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, in ta wuni a rana sai kilim ya jima yana aiki kafin mutum ya iya jingina.

Abin da ya ɗaure min kai, dukawanmu na Birni sun ce in shafa man kaɗe, shi kuma tapisiye, mai ɗinkin kujerun mota, ya ce a'a, fatar mota akwai wani shafi kamar roba a samanta, man ba zai shiga ba sai dai ya kama ƙura. Wa zan bi?

Sannan in tsagar ta riga ta buɗe, ana iya cike ta a maido launin, ko dole a sake ɗinka gefen? Fatar majemanmu za ta jure, ko in sa ta roba irin MB-Tex ɗin Mercedes? Wallahi ba na son rufe ta da yadi. Wanda ya san gwanin wannan aiki nan Zinder, ko Maraɗi ko Kano, ya nuna min.