Tsakuwa ta tsaga min gilashin gaba: a liƙe ko a sauya?

Direban Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce ƙirar 2010. Shekaranjiya a hanyar Kano zuwa Zariya tifa ta watso tsakuwa, ɗaya ta sami gilashin gaba ta ɓangaren fasinja. Ya yi ɗan rami mai ƙafafu uku kamar sawun kaza, ɗaya daga cikin ƙafafun ta miƙe kusan tsawon yatsa. Wani ya ce in ɗiga sufa gulu, wani ya ce in sauya gaba ɗaya. Masu sani, me ya fi?

Mai Gilashi:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka rufe ramin da farin salatif ta waje, yau ɗin nan. Ƙura da ruwa su ne ke hana gyara kamawa, kuma da hunturu kwana kaɗan ya isa ƙura ta cika tsagar. Sufa gulu kuwa ka bar shi. Ba ya shiga can cikin tsaga, a bakinta yake bushewa ya yi fari, ya toshe hanyar da ruwan gyara na gaskiya zai bi. Gilashin da aka ɗiga wa shi yawanci ba ya ƙara gyaruwa.

Gilashin gaba falle biyu ne, da siririyar roba a tsakaninsu. Shi ya sa yake tsagewa ya tsaya a wurinsa, ba kamar na ƙofa da ke wargajewa kamar gishiri ba. Falle na waje kaɗai ake iya gyarawa. Ka bi wurin da farce ta cikin mota. In ka ji kaushi, an taɓa falle na ciki, sai sauyi.

In ciki sumul yake, sai a duba girma da wuri. Ramin da bai kai santimita 2 da rabi ba, da tsagar da takardar naira 100 za ta rufe, wato kusan santimita 15, suna gyaruwa. Amma wurin ya fi girman muhimmanci. Tsagar da ta kai gefen gilashi, ko ta rage masa kamar santimita 5, ba a ɓata kuɗi a kanta, domin a gefe ne gilashi ke ɗaukar murɗawar bodi, duk ramin da ka faɗa sai ta ƙara tafiya. Haka wadda ke saitin idon direba: ko an gyara tabo yana nan, da dare fitilar mai tahowa za ta riƙa watsuwa a kansa.

Yadda ake gyaran: a ƙwaƙule ɓurɓushin ramin, a busar da shi sarai, a kafa ɗan inji mai sirinji a kansa. A zuƙe iska, a tura rezin, wato ruwan gyaran da ke cike tsagar ya daskare, a maimaita har ƙafafun su daina baƙi-baƙi. Sai a rufe da siririyar leda, a busar da fitila ta musamman ko da rana, a kankare da reza. Aikin minti 30 zuwa 45 ne. A inuwa ake tura rezin ɗin, gilashi ba zafi. In aka yi a rana zai daskare tun bai kai ƙarshen tsagar ba.

Naka, yadda ka kwatanta, na gyara ne.

Kafinta Ba Katako:
Ni dai a ganina a sauya a huta. Gyaran nan ba ya ɓatar da tabo, kuma na sha ganin motoci da aka liƙe, bayan wata biyu tsagar ta ratsa har ɗaya gefen. Ga na Beljiyam nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Mai Gilashi:
Ɗan'uwa, wanda ya ci gaba da tsagewa, ko dai an yi shi a kan datti, ko rezin bai kai bakin tsagar ba, ko kuma tun farko ta gefe ce da bai kamata a taɓa ba. Tabo kam gaskiyarka, ba ya ɓacewa duka, amma a ɓangaren fasinja wa ya dame shi? Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne gam ɗin da kamfani ya ɗaura gilashin da shi. Da wuya a mayar da irinsa a bakin titi. In gilashin asali zai tsira, a tsirar da shi.

Injiniya Tudun Wada:
Na goyi bayan Mai Gilashi, sai dai in ƙara bayani a kan sauyin, ko da ta kai ga haka. Gilashin gaba ba don tare iska kaɗai yake ba. Yana tallafar rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa eyabag ɗin fasinja, wato jakar iskar da ke kumburowa in an yi haɗari, gilashin yake doka kafin ya tare mutum. In gam ɗin ba shi da ƙarfi, gilashin ne zai fice. Don haka silikon ɗin da ake liƙe tagar gida ko banɗaki da shi ba na wannan aiki ba ne. Gam ɗin gilashin mota baƙi ne, yuretan ake ce masa, ka nemi a nuna maka kwalinsa ka duba ranar lalacewarsa.

Ka tsaya a kan aikin ka ga an yi waɗannan. A cire waifa da robar ƙasanta, a yanke tsohon gam da waya. Ba a kankare shi har ƙarfe, ana barin kauri kamar milimita 1 zuwa 2, domin sabon ya fi kama tsohon. Duk inda wuƙa ta kurje fenti a shafa firaima, wato ruwan da ake shafawa kafin gam don ya rufe ƙarfen, in ba haka ba tsatsa za ta ci ƙarƙashin gam, damina ɗaya ruwa ya fara ɗiga a kan dashbod. A zuba gam layi ɗaya ba yankewa, musamman a kusurwoyi. Mutum biyu su ɗora gilashin sau ɗaya. Ɗagawa a sake saitawa shi ke sa iska ta riƙa shiga tana fito a kan babbar hanya.

Bayan nan ka ba shi lokacin da aka rubuta a kwalin. Wani gam awa ɗaya ya ishe shi, wani sai ya kwana. Ka ɗan sauke gilashin ƙofa, kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada a kai wanki mai feshi sai bayan kwana biyu.

Wajen saye, ka duba tambarin da ke kusurwar ƙasa: AS1, ko alamar E mai 43R, su ne alamun gilashin ya cika ƙa'idar inganci. Fuyao da Xinyi na Sin ne kuma suna da yawa a kasuwa, Pilkington da AGC ma sanannu ne. Ka tafi da lambar shasi, domin Corolla ta Amurka da ta wasu ƙasashen ba lallai gilashinsu ya zo ɗaya ba. In na Beljiyam ne, ka ɗaga shi saitin rana ka nemi zanen waifa da ƙananan tabon yashi, ka duba gefuna ko sun yi fari kamar madara, alamar robar tsakiya ta fara saki ke nan. Masu Corolla ta Amurka daga 2017 su lura akwai kyamara bayan madubi, sai an sake saita ta da kwamfuta bayan sauyi. Taka ba ta da wannan.

Direban Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, ciki sumul ne, kuma tsagar ta yi nisa da gefe fiye da taƙi ɗaya. Sai Asabar zan samu kai ta. Akwai abin da zan kiyaye kafin nan?

Mai Gilashi:
Ka ajiye ta a inuwa. Kada ka watsa ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana, kuma in ka kunna esi ka juya iskar zuwa ƙafa, ba saitin gilashi ba. Ka ɗiga alama da alƙalamin maka ta cikin mota, a ƙarshen doguwar ƙafar tsagar. In kafin Asabar ta wuce alamar, ka faɗa wa mai gyaran tun kafin ya kafa injinsa.