Abin da mata suka ce kan rashin haihuwa a Tawa

A wani zaman mata a garin Tawa na Nijar, shawarar farko ita ce miji da mata su je asibiti tare, don matsalar kan fito daga namiji ma. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kusan mutum 1 cikin 6.

An fi daɗewa kan batun karatu ga matar da ba ta haihu ba. Wata inna ta tuno Nana A'isha, wadda ba ta haihu ba amma ta ruwaito hadisai 2,210. Aka ce a koma Islamiyya, ajin yaƙi da jahilci ko koyon ɗinki, kuɗin da bokaye ke cinyewa kuma a zuba adashi.

Batun riƙon ɗan 'yar'uwa kam ra'ayi ya rabu. Ni dai a ganina kada a tilasta wa kowa.