Neman shawara: ina so in koyar da ɗalibaina ta hanyar bin tafiyar jirgin ruwa, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai, dan Allah shawara nake nema. Ina koyar da labarin ƙasa, yara 'yan shekara 12 zuwa 14, kuma abin da ke damuna latitud da longitud ne, wato layukan taswira da ake gane inda wuri yake da su, suna haddace ma'anar tsaf su zuba a jarrabawa amma ka shimfiɗa musu taswira ka ce su nuna maka waje sai ido. Shi ne nake tunanin a zangon nan in ɗauki tafiyar jirgin ruwa guda ɗaya, irin masu manyan ƙyallaye ɗin nan da iska ke turawa, mu riƙa binsa a taswira mako mako har ya isa. To amma yawancin yaran ba su taɓa ganin teku ba, intanet ɗinmu ba abin dogaro ba ne, sannan ina gudun shugaban makaranta ya ce na bar manhaja na koma ba da labari. Wace tafiya zan ɗauka, ta tarihi ko wadda ake yi yanzu? Kuma ya zan tsara abin?

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam Malama. Wallahi tunanin nan ya yi, kuma ki jawo malamin lissafinku ciki tun farko don rabin aikin nasa ne. Masu jirgi suna auna nisa da mil na teku, mita 1,852 kenan, gudu kuma da not, wato mil ɗaya na teku a awa ɗaya. Daɗin abin shi ne digiri ɗaya na latitud kusan mil 60 ne na teku. To ki ce musu jirgi yana gudun not 8 kwana ɗaya cur, su da kansu za su fitar da mil 192, su mayar kilomita su samu wajen 355, in kudu sak ya nufa su raba da 60 su ga ya sauko digiri 3.2 sai su matsar da fil ɗin a taswira. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai sake rikita latitud da longitud ba.

Malamar tarihi:
'Yar uwa ni dai ta tarihi zan ce ki ɗauka saboda maganar intanet da kika yi. Tafiyar Magellan, matuƙin da ayarinsa ya fara zagaya duniya ta teku yana bin yamma, ta isa ta cika miki zango, sun tashi daga Sifaniya a watan Satumba 1519 da jirage 5, aka kashe shi kansa Magellan ɗin a Filifin a 1521, jirgi ɗaya tak mai suna Victoria ya dawo a Satumba 1522 da mutum 18 ƙarƙashin kyaftin ɗinsa Elcano. Ki raba hanyar kashi kashi ki riƙe sirrin, kowane mako ki ba su wurin da jirgin ya kai da lambobi kawai su nemo. Akwai wani waje da yara ke matuƙar so, da suka iso tsibiran Cape Verde da ke yammacin Afirka a hanyar dawowa lissafinsu ya ce Laraba ce mutanen wurin suka ce Alhamis, alhali ba su tsallake rubuta rana ko ɗaya ba. Kar ki faɗa musu dalili, ki bar su su yi ta gardama, sai daga baya ki nuna musu duniya na juya digiri 15 a kowace awa, wanda ya yi ta bin yamma har ya zagayo dole kwana ɗaya ya ɓace masa. Amma dan Allah kar a mayar da shi labarin jarumta zalla, a faɗa musu abin da mutanen da aka tarar a waɗancan tsibirai suka gani na yaƙi da ƙwace, shi ma darasi ne.

Wani uba:
Ku yi haƙuri malamai ni ba malami ba ne amma ina da tambaya, ranar jarrabawa ai ba za a tambayi yaro jirgi ba ko? Kar lokaci ya tafi.

Malamin lissafi:
Gaskiyarka Baba, shi ya sa ba a ba shi darasi gaba ɗaya. Minti 10 zuwa 15 sau ɗaya a mako ya isa. Malama ki ɗauki takarda ki rubuta kowane mako da batun manhajar da yake ɗauke da shi, wannan makon ma'aunin taswira, wancan bambancin lokaci, na gaba iskoki da igiyar ruwa, ki kai wa shugaban makaranta ya gani kafin ki fara, in ya ga batutuwan da za a yi jarrabawa a kansu ne da wuya ya hana.

Malamin kimiyya:
Ni na fi son tafiyar da ake yi yanzu don yaro in ya san akwai mutum a tsakiyar ruwa a daidai wannan lokacin hankalinsa daban ne, amma fa sai an dace da lokaci. Misali gasar Vendée Globe da ake tashi daga Faransa, mutum ɗaya a jirgi ya zagaya duniya ba tsayawa ba taimako, duk shekara 4 ake yinta, ta 2024 Charlie Dalin ya ci a kwana 64 da awa 19, ta gaba sai 2028. In ana yi ana saka wurin kowane jirgi a intanet, ke kaɗai za ki duba a waya ki kwafo lambobin zuwa allo, yara ba sa buƙatar data. Ko yanzu za ki iya ɗora kwana 64 ɗin nan kusa da shekara 3 na su Magellan ki ce su faɗi me ya canza.

Ta ɓangarena kuma maganar ba su taɓa ganin teku ba, ki narkar da gishiri giram 35 a ruwa lita ɗaya, kusan haka ruwan teku yake, su ɗanɗana kaɗan su zuba sauran a faranti a rana su ga abin da zai rage, daga nan tambayar me ya sa ƙishirwa ke kashe mutum a tsakiyar ruwa za ta fito daga bakinsu. Ga ciwon da ya riƙa cinye matuƙa, dasashi ya kumbura yana jini saboda rashin bitamin C, wanda wani likita James Lind ya gwada maganinsa da lemo a 1747, babin abinci mai gina jiki kenan.

Wata malama:
A ƙara da kamal, abin da matuƙan Larabawa na tekun Indiya ke auna tsayin tauraro da shi, ɗan katako ne da zare, kwali ma ya yi. A arewacin ikwaita tsayin tauraron arewa daga gefen sama kusan shi ne latitud ɗin da mutum yake, su gwada da dare a gida tare da iyaye. Kuma kowane rukuni ya riƙe littafin jirgi, kwanan wata, wuri, nisa, iska, shi za ki riƙa ba maki a kai.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Zan ɗauki ta Magellan a wannan zangon in haɗa da littafin jirgin, jadawalin kuma zan kai ofis kafin in fara. Malamin lissafi dan Allah in kana da tambayoyin bambancin lokaci da suka dace da 'yan shekara 12 ka sako mana nan.