Ɗan Katsina da ƙidayar kifin teku: yaya ake gane malamin da ya san aikin?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shawara nake nema.

Na yi digirin farko a fannin ƙididdiga a nan Katsina, bautar ƙasa ta kai ni Legas. A can Allah ya haɗa ni da wani bawan Allah mai aiki a cibiyar binciken teku ta NIOMR. Shi ya fara nuna mani cewa akwai mutanen da aikinsu kenan, su ƙiyasta yawan kifin da ke cikin teku alhali babu mahalukin da ya taɓa ganin kifin nan a jere. Tun ranar abin ya zauna mani a rai. Mahaifina mai suyar kifi ne, da kuɗin tarwada da karfasa aka biya mani makaranta tun daga firamare, amma ban taɓa kawowa lissafin da na karanta zai haɗu da sana'ar gidanmu ba.

Yanzu digiri na biyu nake so in yi a wannan fanni, kuma malamai biyu nake dubawa a Google Scholar, shafin da ke jera takardun masu bincike. Na farko takardunsa sun haura ɗari, ya taɓa abincin kifi, ya taɓa ingancin ruwa, ya taɓa tsayi da nauyin kifi. Na biyu ko arba'in bai cika ba. Wasu sun fito a mujallar ICES, majalisar binciken teku ta ƙasa da ƙasa, sauran rahotannin fitar jirgin bincike ne da kusan ba wanda ya ambata, kuma sau da yawa sunansa a tsakiyar mutum takwas ko goma yake. Abokina ya ce in bi na farko tunda ma'aunin h ɗinsa ya fi girma. Zuciyata kuma tana wajen na biyu, amma ba ni da hujja. Me ake dubawa a tarihin aikin mai bincike irin wannan? Sannan mutumin da bai taɓa hawa jirgin teku ba, zai iya wannan karatu?

'Yar Dutsin-Ma:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta faranta mani rai, don ɗalibanmu kaɗan ne ke waiwayar wannan ɓangare.

Fara da ma'aunin nan na h. Wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch ne ya fito da shi a 2005. In an ce na mutum 20 ne, ana nufin yana da takardu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Iyakar abin da yake faɗa kenan. Ba zai gaya maka wanda ya tsara binciken ba, ba zai gaya maka ko lissafin ciki ya tsayu ba.

Abin da nake so ka yi, ka zaɓi takardu uku na kowane malami, ka tsallake gabatarwa, ka wuce kai tsaye inda aka bayyana yadda aka yi aikin. Tambaya ɗaya za ka riƙe: ta yaya aka zaɓi wuraren da aka jefa raga? A Woods Hole da ke Amurka, tun 1963 masu binciken kifi suke fita duk kaka da tsari guda. Ana raba teku kashi-kashi gwargwadon zurfi da yanki, a cikin kowane kashi a fitar da wuraren da ƙuri'a, a ja raga iri ɗaya na lokaci ƙayyadadde. Faɗin bakin ragar a ninka da nisan da aka ja ta, ka samu filin da aka share, daga nan a auna sauran tekun. In ka bar wa matuƙi ya kai ka inda ya san kifi na taruwa, za ka dawo da jirgi cike da kifi da kuma ƙiyasin da ba shi da amfani.

Wannan ba zancen aji ba ne kawai. A Kanada, gaɓar Newfoundland, an daɗe ana jingina da kamun manyan jiragen kasuwa wajen auna kifin kod. Kifin yana raguwa, ragowar suna cunkushewa wuri guda, jiragen kuma suna da na'urar gano su, sai kamun kowace fita ya ci gaba da kyau. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, dubban mutane suka wayi gari ba sana'a.

Na biyu, ka duba yadda malamin ke yi da sifili. A irin wannan bincike sai a ja raga sau da dama ba a samu ko ɗaya na wani nau'in kifi ba, can sai jefa guda ta ci karo da garke. Wannan jefa ɗayar kaɗai tana iya ɗaga matsakaicin shekara gaba ɗaya. Michael Pennington ya yi rubutu kan wannan matsala a 1983. A 1994 kuma shi da Jon Helge Vølstad suka nuna wani abu da har yau nake koya wa ɗalibaina: kifayen da suka faɗo raga ɗaya sun fi kama da juna a tsayi, don tare suke yawo. Saboda haka in ka auna kifi dubu daga jefa biyar, abin da ka sani bai fi na jefa biyar ɗin da yawa ba. Kamar ka je kasuwar Mai'aduwa ka ɗebi gero tiya guda daga buhu ɗaya, ka ƙirga ƙwayoyin tsaf, ka ce ka san geron kasuwar. Da ka bi buhu hamsin kana ɗiban tafin hannu, da ka fi sani. Malamin da ya fahimci haka za ka gani a takardarsa, yana faɗin adadin jefa, yana kuma kawo tazarar kuskure kusa da kowane ƙiyasi.

Rahotannin jirgin da ka raina kuwa, ni su nake fara buɗewa. Su ke nuna mutum ya kwana a teku, ya tsaya kan teburin tantance kifi, ya san inda alƙaluman suka fito. Sunansa a tsakiya ma ba aibi ba ne, aikin jirgi ba na mutum ɗaya ba ne. Mujallu da yawa yanzu suna rubuta abin da kowa ya yi a ƙarshen takarda. Ka duba wa ya yi tsarin, wa ya yi lissafin.

Tsohon malamin kifi, Daura:

Ɗana, Malama ta gama magana kan takardu. Ni tambayarka ta biyu zan taɓa, don na yi shekaru ina bin madatsun ruwa da sikeli da allon awo kafin in yi ritaya.

Gaɓar tekun Najeriya kilomita 853 ce, amma mafi yawan kifin da ake kamawa a ƙasar nan ƙananan masunta ne ke kawo shi a kwalekwale. Waɗannan ba jirgin bincike ke ƙirga su ba, mutum ne ke tsayawa a bakin ruwa. Da farko a zagaya a ƙirga masunta, jirage da kayan su, wa ke da kalli, wa ke da birgi, wa ke kafa gura ko mamari. Sannan a ware wasu ranaku a wata, a auna kamun wasu jirage, a ninka. Haka aka yi a tafkin Kainji a shekarun 1990 lokacin aikin haɗin gwiwa da Jamusawa, kuma NIFFR, cibiyar binciken kifin tafki da kogi, tana nan a New Bussa. Wanda ya iya wannan a madatsar Daberam ko ta Sabke, in an kai shi Badagry sunayen kifi kawai zai sake koya.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. An taɓa haɗa ni da wani yaro mai cika takarda. Wata uku alƙalumansa na nuna ruwan ya mutu, ni kuwa ina ganin kifi a kasuwa. Ran nan na yi sammako bayan asuba na je. Kafin rana ta ɗaga masu saye sun kwashe manyan a bakin jirgi, an ɗaure a bayan babur an tafi. Shi sai hantsi yake isowa, ya tarar da 'yan ƙananan karfasa a ƙasan kwano, su yake ɗorawa a sikeli. Ba ƙarya ya rubuta ba, abin da ya gani ya rubuta. Ka kuma sani masunci in ya ga baƙo da biro, haraji yake tunani, sai ya tura rabin kamun ƙarƙashin raga. Ka fara gaida sarkin ruwa, ka zauna ka faɗa mashi abin da ya kawo ka, kada ka fito da takarda ranar farko.

Mai Shago, Sabon Layi:

Ni dai kada a yi saurin yar da malami na farko. Ƙanwata ta yi shekara huɗu kan digirin shekara biyu saboda malaminta kullum yana tafiya. Mai fita teku yana iya yin wata ba a gan shi ba. Ka nemi ɗaliban da suka gama a hannun kowannensu, ka tambaye su yaushe suka shiga, yaushe suka fita, kuma yana karanta abin da aka kai mashi. Ka kuma kama manhajar ƙididdiga ta R tun yanzu, kyauta ce.

'Yar Dutsin-Ma:

Wannan gaskiya ne, a haɗa da shi. Batun hawa jirgi kuma, akwai jirgin bincike mai suna Dr. Fridtjof Nansen, na shirin da Norway da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa tun 1975. Yana bin gaɓar Afirka, kuma yana ɗaukar masu bincike na ƙasashen da ya shiga ruwansu, galibi ta hannun cibiyoyinsu na gwamnati. Ka riƙe zumuncin mutumin nan na Legas.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Daren jiya na buɗe takardun kamar yadda Malama ta ce. A biyu daga na malami na farko an rubuta cewa an sayo kifin daga hannun masunta, ba a faɗi jirgi nawa ba, ba a faɗi rana nawa ba. Na biyun kuwa har taswirar wuraren jefa raga ya saka. Na samu ɗalibinsa guda na tura mashi saƙo, ina jiran amsa.

Na kuma ba mahaifina labarin Baba na Daura. Ya ce mai kawo mashi kifi daga Ajiwa zai ɗauke ni ranar Asabar bayan sallar asuba, ya kai ni wajen sarkin ruwa. Kafinta ya buga mani allo da ruler a jiki. Baba, in an ba ni izini, kwana nawa a wata ya kamata in riƙa zuwa? Kuma awon tarwada, daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ake yi, ko a gindin wutsiyar ake tsayawa?