Filin kwana a Arkilla: mita nawa zan ja baya, kuma dole ne a yanke kusurwar katanga?

Ɗan Arkilla:
Assalamu alaikum. Ina neman haske wajen masana gini. Fili ne a unguwar Arkilla, Sakkwato, ƙafa 50 a 100, hanya biyu sun haɗu a kansa. Gajeren gefen yana kallon babban layi mai kwalta, dogon gefen yana bin ƙaramin layi na ƙasa. Magini ya ce a ja katanga a kan iyaka cif, kusurwa a tsaye, a fitar da shago biyu a kwanar tunda nan ciniki yake. Mai zane kuma ya ce sai an yanke kusurwar, ginin ma ya ja baya daga hanyoyin duka biyu. To in an yi haka, me ya rage mini? Daga ina ake fara awon?

Safiyon Gwiwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta farko. Awo yana farawa ne daga duwatsun siminti da safiyo ya kafa, waɗanda lambobinsu ke cikin zanen filinka. Bakin kwalta ba iyaka ba ne, bakin kwata ma haka, balle katangar maƙwabci, wadda ita kanta wataƙila ta ci hanya. Layin da aka tsara da faɗin mita 12 ko 15 sau da yawa mita 6 ko 7 kawai ake zuba wa kwalta, ragowar hurumin hanya ne: wurin magudanar ruwa, falwaya, bututun ruwa da masu tafiya a ƙasa. Wannan sararin da kake gani kamar ba mai shi, shi ne ke jawo wa mutane jan fentin da hukuma ke shafa wa ginin da za a rushe.

A filin kwana dutsen kusurwa shi ya fi saurin ɓata, don tifa da tankar ruwa a kansa suke juyawa. In babu shi, kada magini ya ƙiyasta da ido. A kira safiyo ya maido shi daga sauran duwatsun. Ka kuma duba zanen da kyau: in ka ga dutse biyar maimakon huɗu, an riga an yanke kusurwar tun wajen tsara unguwar, wannan ɗan yankin ba naka ba ne tun asali.

Mai Zane Runjin Sambo:
Alhaji, mai zanenka ya fi maginin gaskiya. Adadin da zai ɗaure ka shi ne wanda Hukumar Tsara Birane ta Jihar Sakkwato ta sa wa hannu a zanen gininka, kuma yana bin girman hanya da irin ginin, gidan zama ne ko shaguna. Amma ga lissafi da abin da aka saba zanawa a gidajen zama: mita 6 a gaba, mita 3 a baya, mita 3 a gefe.

Filinka kusan mita 15 ne a 30. A tsawo, cire 6 da 3, saura 21. A faɗi ne matsalar take. In an ɗauki ƙaramin layin a matsayin gefe, cire 3 da 3, saura 9, wato murabba'in mita 189 na gini. In kuwa an ce shi ma gaba ne, cire 6 da 3, saura mita 6 kacal, murabba'in mita 126. Gida mai faɗin mita 6 ɗaki ɗaya ne da lungu. Bambancin nan na murabba'in mita 63 ya kai falo da ɗaki biyu, shi ya sa ake tambayar hukuma wane layi ta ɗauka a matsayin gaba kafin a zana komai. Mutane suna ƙara kuɗi su sayi filin kwana, alhali a ƙaramin fili shi ya fi kowanne ƙarancin wurin gini.

Abubuwan da ake mantawa da su a awon: baranda, matakala ta waje, ɗakin maigadi da fiffiken kwano. Bango zai zauna daidai, sai kwano ya leƙo da santimita 60 yana zubar da ruwa a kan layi. Sokawe kuma a cikin katanga ake haƙa shi. Wanda aka yi a waje, ranar da za a yi kwata shi ake fara fasawa.

Injiniya Mabera:
Zan tsaya kan kusurwar, don ita mutane ke ɗauka ƙa'idar ofis ce kawai. Idon direban ƙaramar mota yana kusan mita 1 da ɗan kai daga ƙasa. In ya fito daga ƙaramin layi, hancin motar na gabansa da mita biyu ko fi. Katanga mai tsawon mita 2.4 a tsaye a kusurwa tana nufin sai ya tura hancin nan cikin babban layi kafin ya ga abin da ke tahowa. Ɗan kabu-kabu da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 kowace daƙiƙa. Littattafan zanen hanya suna ba shi daƙiƙa biyu da rabi kafin ya taka birki, mita 28 ke nan ta tafi, jimillar tazarar tsayawa kusan mita 50. A gudun kilomita 30 kusan mita 35 ce.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Kafa turaku a inda katangar za ta bi, ka ɗaura igiya. Ka koma ƙaramin layi, mita 2.5 zuwa 3 daga bakin babban layi, ka tsuguna idonka ya zo wajen mita 1. Wani ya tsaya mita 50 a kan babban layin, ta ɓangaren filinka. In igiyar ta gitta tsakaninku, katangar za ta toshe gani. A ja turakun ciki har ta kauce.

Yankan kansa: daga dutsen kusurwa a auna mita 3 ta kowane gefe, a haɗa wuraren biyu da layi miƙaƙƙe. Ƙasar da ta fita murabba'in mita 4.5 ce. Katangar da za ta zama mita 6 ta koma 4.2, har ka rage bulo wajen 40. In layin mai yawan motoci ne a yi mita 4.5, asarar ta zama murabba'in mita 10 da ɗan kai. Tunda dama ginin zai ja baya, yankan bai taɓa ɗaki ko ɗaya ba, tsakar gida kawai ya ɗan gutsura.

Shago a kwanar kuwa, a'a. Ko bangonsa ya bi doka, rumfa za ta fito, benci ya biyo, mai sayayya ya ajiye mota a bakin kwanar. Duk abin da aka yanke ya dawo a toshe. In shago dole ne, a kai shi can ƙarshen filin, kuma a sa shi cikin zanen da za a kai hukuma.

Hajiya Minanata:
Injiniya, ina da ja a wuri guda. Wasu masu zane suna cewa a yi katangar kwana gajera, bulo huɗu a ɗora ƙarfe a sama. Gidan iyali a garin nan ba ya yiwuwa haka, duk mai wucewa yana kallon tsakar gida, ga ƙurar hunturu, ga ɓarayi. Mutane da dama saboda wannan suke ƙin maganar baki ɗaya.

Injiniya Mabera:
Hajiya, maganarki a kan hanya take, kuma ba sai an yi gajerar ba. Hanya biyu ce: ko katanga ta zauna a wurinta ta zama gajera, bulo uku ko huɗu wanda bai wuce santimita 90 ba, ko ta ja baya ta tashi yadda ake so. Ga gidan iyali ta biyun ce. Sharaɗin dai shi ne wajen da aka bari ya zauna fili: a zuba masa kankare daidai da ƙasa. Kada a dasa dogonyaro a wurin, shekara kaɗan gindinsa da rassansa sun zama wata katangar. In akwai itace tun da, a sassabe rassan ƙasa har sama da mita 2.5. Mai shayi da mai kwantena su ma ido suke sa wa irin wurin, gara a hana tun ranar farko.

Ɗan Arkilla:
Allah ya saka da alheri. Saura get. A kan yankan zan sa shi? Na ga wasu suna yi, yana kyau a ido.

Mai Zane Runjin Sambo:
Kada ka yi, Alhaji. Mai fitowa daga nan da baya yana faɗawa hanya biyu lokaci guda. Sa shi a ƙaramin layin, nesa da kwana gwargwadon yadda dogon gefen ya ba ka, mita 10 ko fi. Ya zama mai turawa gefe ko mai buɗewa ciki. Gangaren shiga kuma ya tsallake kwata da murfin kankare da ake iya ɗagawa a yashe. Ruwan layi biyu a kwana yake haɗuwa, wanda ya cike kwatar da ƙasa zai ga sakamako a Agusta.

Safiyon Gwiwa:
Ƙari ga masu karatu waɗanda filinsu ba a cikin unguwa yake ba. In ɗaya daga hanyoyin ta tarayya ce, kamar ta Gusau ko ta Illela, huruminta mita 45.72 ne daga tsakiyar titi ta kowane gefe, daga inda hurumin ya ƙare naka awon zai fara. Wayar wuta mai ƙarfin 11 ko 33 KV kuma a bar mata mita 5.5 ta kowane ɓangare, kuma kwana ita ce inda aka fi kafa falwaya da taransifoma. Malam Ɗan Arkilla, ka ɗauki zanen safiyo da takardar mallaka ka kai hukuma tare da zanen gini wanda ya nuna katanga, yankan da wurin get, ka karɓi amincewa a rubuce kafin a haƙa tushe.