Neman shawara: kurket da rubutu nake son koya, duka biyun sun ƙi ni

Ɗalibi a Pune:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatun harhaɗa magunguna nake yi a Pune, ƙasar Indiya. A nan kurket ne wasan gari, da la'asar ta yi kowane lungu yara ne da bat (katakon da ake dukan ƙwallo da shi) da ƙwallon tanis. 'Yan ajinmu sun ja ni ciki, amma kunya kawai nake sha: jifa biyu ko uku, sai in ji sandunan bayana (wiket, waɗanda mai bat yake karewa daga ƙwallo) sun zube. Da iya ƙarfina nake kai duka, amma iska nake samu. Sannan na daɗe ina son rubuta gajerun labarai da Hausa kan zaman ɗalibanmu a nan. Sai in cika shafi ɗaya, in karanta, in ji haushi, in goge. Ta ina ake farawa? Ko in ajiye ɗaya?

Baban Khalil, Birmingham:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ko ban ga wasanka ba na san ciwon: kana kwantar da bat kana shara ta gefe kamar mai sarar itace. Faɗin bat bai kai santimita 11 ba. In ka kwantar da shi, ɗan ƙiftawar ido kaɗai yake haɗuwa da layin ƙwallo. In ka tsayar da shi ka turo gaba, tsawonsa gaba ɗaya yana tare sandunanka. To ka manta da buga ƙwallo waje tukuna, ka koyi tarewa.

Ka tsaya a kaikaice, kafaɗar hagu na kallon mai jifa in kai badame ne, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. A mariƙin bat, hannun sama shi ne mai tuƙi, na ƙasa rakiya ce kawai, kar ka matse shi. Kai kuma kar ya motsa. In ƙwallo ta faɗo kusa da kai, kanka ne zai fara zuwa wajenta, ƙafa ta biyo baya, ka tare ta a ƙarƙashin idonka. Tsakanin sanduna da sanduna yadi 22 ne, wajen mita 20, ƙwallo ba ta ɗaukar daƙiƙa guda kafin ta iso. Ba lokacin tunani a nan, sai abin da jiki ya riga ya haddace.

Yadda jiki ke haddacewa kuwa: sa tsohuwar ƙwallo cikin safa, ɗaure da igiya a reshen bishiya ko ƙarfen baranda, ta sauko daidai gwiwarka. Ka yi ta tura ta gaba da bat a tsaye, minti goma sha biyar kullum. Don Bradman na Ostireliya, wanda matsakaicin makinsa a manyan wasanni ya kai 99.94, da sandar wiket guda da ƙwallon golf ya koya, yana bugawa a gindin tankin ruwan gidansu a Bowral. Shi kaɗai, ba koci.

Anti Mai Alƙalami, Kano:
Ni ban san kurket ba, amma ɗana, gogewar nan ce ke kashe ka. Sayi littafin rubutu da biro, ka bar waya, don a takarda ko ka soke layi yana nan yana kallonka. Ranar rubutu daban, ranar gyara daban. Ka kai labarin ƙarshe ko da ya yi muni, ka ajiye shi mako guda, sannan ka karanta da ƙarfi. Inda harshenka ya harɗe, nan ne gyaran yake.

Kuma kar ka fara da "wata rana a wani gari". Kana zaune a inda yawancin masu karatunka ba su taɓa zuwa ba. Rubuta mana yadda kuka yi cinikin ɗaki da mai gida, yadda ake neman naman halal, yadda yaji ya yi maka a makon farko, wa ya yi kuka ranar Sallah. Ko wannan kunyar da kake sha a fili ma labari ce. Sai ƙa'idar rubutu: sa allon Hausa na Gboard don ka samu ƙ, ɗ da ɓ, ka kuma koyi inda ake raba kalma da inda ake haɗewa tun yanzu. Wanda ya saba da kuskuren nan da wuya ya rabu da shi.

Kawu Na Zariya:
Kai da aka tura karatun magani! Da kuɗin wa? Ni dai shawarata ka riƙe rubutun, wasa ka bar wa masu shi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Baban Khalil:
Haba Kawu, minti goma sha biyar da shafi ɗaya ai ba su kayar da mutum jarrabawa. Batun masu shi kuma, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya cikin 2025.

Malamin Motsa Jiki:
Ƙari kan na Baban Khalil. Safa ba ta yaudara, kullum hanya ɗaya take zuwa, don haka ka samu aboki ya riƙa jefo maka daga rabin nisa, a hankali, ta ƙasan hannu. Ka ce masa ya ƙirga sau nawa ka tare da tsakiyar bat, ba nisan da ta yi ba. In ka saba, ku naɗe ƙwallon tanis da salatif ɗin lantarki yadda ake yi a Karachi, tana ƙara nauyi da gudu.

Ranar da za su kai ka ragar atisaye da ƙwallon fata kuwa, wannan wata duniya ce. Nauyinta wajen giram 160, ga tauri. Hular kwano, safar hannu, kariyar ƙafa da ta gaba, kar ka shiga sai da su duka, ko za su yi maka dariya. Phillip Hughes ƙwararre ne, da hularsa ma, ƙwallo ta same shi a wuya a Sydney cikin 2014, kwana biyu ya rasu.

Ɗalibi a Pune:
Allah ya saka da alheri. Kawu, na ji, ba zan bari karatu ya taɓu ba. Anti, in na gama na farko zan iya turo miki? Sannan wane bat zan saya? Na ga wasu tsadarsu ta fi kuɗin abincina na wata.

Anti Mai Alƙalami:
Turo, amma ni ba na cewa "ma sha Allah" in wuce. Da jan biro nake karatu.

Baban Khalil:
Masu tsadar na itacen wilo na Ingila ne, ba naka ba ne yanzu. Nemi na Kashmir, ko ma mara nauyin da ake yi don ƙwallon tanis. A Meerut da Jalandhar ake ƙera yawancinsu, don haka a wurinku sun fi nan araha nesa ba kusa ba. A shagon ka ɗaga shi da hannun sama kaɗai ka miƙe hannun. In ka ji yana rinjayarka, ɗauki wanda bai kai shi nauyi ba. Ka tafi da ɗan gari ya yi maka ciniki.